Lardin Kano kafin tarayya: haraji, gyaɗa da mulkin En'e

Duk sanda wani ya ɗora tsohon hoton dalar gyaɗa a Facebook sai kaga an yi caa a kai, wannan yace Allah sarki Arewa, wancan yace man fetur ne ya kashe mu, wani ma har cewa zai yi ai da can babu talaka a Kano. Ni ma hoton yana burge ni ba ƙarya, amma abun da nake so mu tsaya mu duba shine wa ya noma gyaɗar nan, me yasa ya noma ta, nawa aka biya shi, sannan ragowar kuɗin ina ya shiga. In ka bi waɗannan tambayoyin sannu a hankali to su zasu ja ka cikin tarihin Lardin Kano kaf ɗinsa, daga 1903 da Turawa suka shigo har 1954 da Najeriya ta koma tarayya.

Da farko dai, lardi daban masarauta daban, yaran yanzu da yawa suna cakuɗa su. Lardi yanki ne da Bature ya shata don sauƙin mulkinsa, ya ɗora Razdan a kai, ƙarƙashin Razdan akwai su Di'o, a samansa kuma akwai Gwamna, da a Zungeru daga baya aka koma Kaduna. Lardin Kano a farkonsa ƙato ne na gaske, don har Katsina da Daura da Kazaure da Gumel da Haɗeja da Katagum duk sun taɓa zama a cikinsa. A 1926 aka yanke Katsina aka haɗa ta da Zariya, Katagum kuma aka kai ta Bauchi, sai a 1934 Katsina ta samu lardin kanta. Abun da ya rage shine masarautar Kano ita kanta, wadda ta fi kowa jama'a da kuɗi nesa ba kusa ba, sai ƙannenta na arewa su Haɗeja da Gumel da Kazaure.

Shigowar Turawan ma ba wani dogon yaƙi aka yi ba. Kano lokacin bata daɗe da fitowa daga yaƙin basasa ba, wanda aka gwabza tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa daga 1893, gidan sarauta a rabe yake, kowa na da wanda yake jin haushi. Hujjar da Lugga, shugaban Turawan mulki a Arewa, ya kafa ita ce Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Bature Kyaftin Moloney a 1902 ya gudo Kano, Sarki Alu kuma ya karɓe shi hannu bibbiyu. Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojan da basu kai dubu ba, kuma kusan dukkansu baƙaƙen fata ne, Hausawa da Yarbawa da sauransu, Turawan cikinsu 'yan ƙalilan ne masu ba da umarni. Suka bi ta Bebeji suka fasa ta, ranar 3 ga Fabrairu 1903 suka shigo birni, Alu baya gari ya tafi Sakkwato. Rundunarsa na kan hanyar dawowa aka haɗu a Kwatarkwashi inda Waziri Ahmadu ya yi shahada, Alu ya yi arewa aka kama shi, ƙarshensa Lokoja inda ya rasu a 1926. Wambai Abbas ne ya dawo da sauran jama'a gida ya yi mubaya'a, a watan Afrilu Lugga ya naɗa shi sarki. Haɗeja ce ta ƙi sakin jiki har sai 1906 da aka kai mata soja aka kashe Sarki Muhammadu da manyan mutanensa da yawa.

To an ci gari, sai batun kuɗi, kuma nan ne labarin yake. Gwamnatin Ingila bata son kashe kuɗinta a Arewa, tallafin da take bayarwa ma da ƙyar take bayarwa, don haka dole ƙasa ta ciyar da masu mulkinta. Kuma Kano ba baƙuwar haraji bace, akwai kuɗin ƙasa, akwai zakka ta hatsi, akwai jangali na shanu, akwai kuɗin karofi na masu rini, akwai kuɗin shuka na masu lambu da rake da makamantansu, sai dai yadda ake karɓa ne ya dami Bature. Hakimai akasarinsu a birni suke zaune kusa da sarki, garuruwan kowane hakimi a warwatse, ɗaya gabas ɗaya yamma, jakadu ne ke zirga-zirga tsakaninsu da ƙauyuka, kuma kafin kuɗi ya iso birni kowa ya gutsiri nasa. Razdan na farko Dokta Cargill shi ya tattara garuruwan ya mai da su gundumomi, ya ce kowane hakimi ya tattara komatsansa ya bar birni ya je ya zauna a ƙasarsa, shi yasa har yau in ana labarinsa Mai Gunduma ake cewa. Ka ɗan yi tunanin basaraken da aka haifa a cikin badala, bai san komai ba sai zaman fada da hawa, rana ɗaya ace masa ya koma ƙauye ya zauna yana ƙirga gonaki. Ba ƙaramin rikici aka sha da Sarki Abbas ba, har ta kai Cargill ya ɗauki bawan sarki, Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, ya bashi Waziri don ya karya lagon sarkin, abun da Kanawa suka gani a matsayin cin fuska tsagwaronsa. Sai da Razdan Temple ya zo a 1909 ya warware wannan ya lallashi sarki, kuma tun daga nan Turawa suka gane cewa ƙarfafa sarki ya fi musu riba akan raunana shi, in dai zai tara haraji ya kuma hana tarzoma.

A wajen wannan lokacin ne aka kafa Baitulmali, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, harajin da aka tara a raba, kashi ɗaya na gwamnati kashi ɗaya na En'e, wato hukumar mulkin gargajiya da sarki ke shugabanta. Wannan Baitulmalin shine ƙashin bayan En'e ta Kano, da shi take biyan dogarai da 'yan doka da ma'aikatan gidan yari da malaman haraji, kuma cikin 'yan shekaru ta zama En'e mafi kuɗi a duk Arewa. Aka kuma shigo da kuɗin taki a gundumomin kusa da birni, wato malami ya zo ya auna gonarka da taku, tsawo da faɗi, ya rubuta abun da zaka biya. A takarda adalci ne, mai babbar gona ya biya da yawa. A ƙasa kuwa tsawon takun malam ya danganta da irin tarbar da aka yi masa, wanda ya kawo kaza sai takun ya buɗe gona ta ƙanƙance, wanda bai kawo komai ba sai malam ya dinga tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Amma babban canjin da ya fi taɓa talaka shine cewa da aka yi haraji ba wuri ba dami, sai dai kuɗin Bature, sule da sisi da taro da kwabo. Mutumin da rumbunsa ke cike da gero bashi da sule ko ɗaya, dole ya nemo abun da mai sule ke so ya sayar masa.

Ana cikin haka jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, zuwa 1912 kaya sun fara tafiya har Ikko. Abun dariyar shine Turawa ba don gyaɗa suka shimfiɗa dogon nan ba, auduga suke hari, masaƙun Lankasha ta Ingila na neman inda zasu samu auduga ba sai sun dogara da Amurka ba, an yi ta kururuwa a Ingila cewa ƙasar Hausa zata cece su. Sun manta ko kuma basu lissafa ba cewa Kano na da nata masaƙan, tun zuwan Bature matafiyi Barth a 1851 ya ga yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da ƙasashen Azbinawa, ga marina a Ƙofar Mata da Kura da garuruwa barjat, ga mata na kaɗi a kowane gida, kuma masaƙin gida yana biyan auduga fiye da farashin da kamfanin Turawa ya yanka. To wa zai kai musu? Manomi ya yi lissafinsa. Gyaɗa tana son jigawa irin ta ƙasar Kano, ana shuka ta tsakanin gero da dawa bata hana abinci, harawarta dabbobi su ci, in shekara ta ɓaci a ci ta a gida, mata su yi mai da ƙuli, auduga kuwa ko yunwa zata kashe ka baka iya tauna ta. A daidai lokacin kuma masana'antun Turai sun gano yadda zasu daskarar da man gyaɗa su yi man shafa wa burodi, farashi ya tashi. Gyaɗar da Najeriya ta fitar bata kai tan 3,000 ba a 1912, a 1913 sai gata ta haura tan 19,000, tashar jirgin Kano ta cika ta batse har an rasa inda za a ajiye buhuna.

Kuma ba Turawan kanti ne suka shiga ƙauye suka shawo kan manoma ba, basu san hanya ba basu san mutane ba. Fataken goro ne, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, mutanen da kakanninsu suka saba kai kaya Gwanja da ƙafa da jakuna, suna da yara a kowane gari, suna da amana, sun san wa za a ba bashi wa ba za a ba ba. Su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da Adamu Jakada, sai kuma wanda ya zo ya shafe kowa, Alhasan Ɗantata, ɗan Bebeji, wanda ya yi zaman kasuwanci a ƙasar Gwanja da Kumasi da Ankara (Accra) kafin ya dawo gida. Su ke karɓar kuɗi a hannun kamfani, Kamfanin Neja ko John Holt ko na Faransawa, su rarraba wa yaransu, yaran su bazu kasuwannin ƙauye da gishiri da atamfa da tsabar kuɗi tun kafin kaka. Ana ba da labarin cewa da bankin Turawa ya buɗe a Kano a 1929 Ɗantata raƙuma ashirin ya kai na kuɗin azurfa, kuma har ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin waɗanda suka fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Sai ga Kwarori suma sun shigo, 'yan Labanan da Siriya, suka kafa a Fagge ta Kudu, ga Saul Raccah mutumin Tarabulus wanda ya ba manyan kamfanoni wahala a shekarun 1930. Larabawan Gadamas kuwa da suka daɗe suna riƙe da cinikin Sahara, jirgi na zuwa harkarsu ta fara mutuwa, don fatar da raƙumi ke wata da watanni kafin ya kai Tarabulus yanzu kwana kaɗan ta isa bakin teku. Hatta gyaɗar Damagaram da Maraɗi, duk da Faransa ke mulkin can, ta Kano ta dinga bi tana fita shekara da shekaru.

Yanzu mu sauko wajen manomin. Kaka ta yi, an tuge gyaɗa an shanya, mata sun zauna da turmi suna ɓarzar ta a hankali don kar ta farfashe, an sheƙe an zuba a buhu an ɗora wa jaki. A daidai wannan lokacin ne mai unguwa ke zagayawa da sanarwar haraji, dagaci na matsa masa, hakimi na matsa wa dagaci, Di'o na matsa wa hakimi, kuma kowa a ƙasar lokaci ɗaya yake neman kuɗin, to ka san kuwa mai saye ba zai yi gaggawa ba. Kafin ya kai bakin sikeli ma 'yan baranda sun tare shi a hanya sun karɓi linzamin jakin, ana zo nan baba ana ga ruwa sha, a ɗora buhu a sikelin da shi bai iya karantawa ba, malamin sikeli ya faɗi abun da ya ga dama, a cire na ƙasa a cire na danshi a cire nauyin buhu. In kuma tun da damina ya ci bashi lokacin da rumbu ya ƙare, to gyaɗar ma ba tasa bace, a gona aka saye ta da arha. Abun da ya rage a hannunsa ya kai wa mai unguwa a bashi rasit, 'yar takardar nan da zai lanƙwasa ya sa a cikin hula ko a laya, don in ya fita cin rani aka tare shi babu ita ya shiga uku. Wanda ya kasa biya kuwa a sayar da akuyarsa, ko a shanya shi a rana a ƙofar gidan dagaci, ko ya tsallake cikin dare ya bar garin.

Shekarar da gyaɗa ta fara bunƙasa ita ce kuma ruwa ya ɗauke. Damina ta 1913 bata yi ba, 1914 aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba, mutane suka dinga gangarowa daga arewa har daga ƙasar Faransa suna faɗuwa a hanya, ana tonon gidan tururuwa ana neman ƙwayar hatsi, ga jirgi ga dogo amma abincin da gwamnati ta kawo bai taka kara ya karya ba, haraji kuma ba a fasa karɓa ba. Bayanta ga annobar mura ta 1918, ga yunwar Mai Buhu a 1927, ga fari sun zo, sannan kasuwar duniya ta rushe daga 1929 farashin gyaɗa ya faɗi warwas. Mai hankali zai ce to a daina nomawa mana tunda ba riba, amma ina, harajin bai sauka yadda farashi ya sauka ba, don haka wanda da buhu ɗaya ke biya masa yanzu sai ya noma biyu ko uku. Shi yasa zaka ga a lissafin Turawa gyaɗar da ake fitarwa ƙaruwa take yi a shekarun da manomi ya fi shan wuya, su kuma suna rubutawa a rahoto cewa lardi na ci gaba.

Akwai kuma maganar bayi da bamu cika son tayarwa ba. Turawa sun hana kamu da cinikin bayi, sun ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma waɗanda ke hannu an bar su a hannu, sai dai mutum ya yi murgu ya tara kuɗin fansar kansa a gaban alƙali. Ba a soke bautar gaba ɗaya a doka ba sai 1936. Gandayen sarki da na manya irin na Fanisau da Ɗorayi da bayi aka ci gaba da noma su, kuma gyaɗar farko da ta hau jirgi akwai guminsu a ciki, wasunsu ma da kuɗin gyaɗar suka fanshi kansu. Manyan bayin fada kuwa, su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, ƙarfinsu ya kai har zamanin Sarki Usman wanda ya hau a 1919 yana dattijo, sai da Abdullahi Bayero ya hau a 1926 aka karɓe ragamar daga hannunsu aka kafa majalisar sarki ta 'yan kaɗan, kowa da sashen da yake riƙe.

In za a yi adalci, En'e ta yi aiki da kuɗin, ba duka aka cinye ba. Zamanin Abdullahi Bayero aka jawo ruwan famfo daga Challawa aka kawo lantarki a farkon shekarun 1930, da kuɗin Baitulmalin Kano ba na Ikko ba, aka gina asibitin birni, aka yi makarantar Midil, aka buɗe makarantar shari'a a 1934 aka ɗauko malamai daga Sudan, ita ce ta zama Makarantar Nazarin Larabci daga baya. Dogo ya miƙa har Nguru a 1930 ya buɗe ƙasar Ringim da Haɗeja. Jirgin sama ma a Kano ya fara sauka a Najeriya, a 1925. Amma duba inda ayyukan suka taru, birni da Nasarawa da Bompai, alhali kuɗin daga Gaya da Dutse da Ɗambatta da Gwarzo ya fito. Boko kuwa tun makarantar Bature Ɗan Hausa ta 1909 'ya'yan sarakuna da na malamai aka fi nufa, don a samu masu rubuta haraji da masu gadon kujera, ba a yi niyyar ilmantar da lardi mai mutum miliyoyi ba. Da aka buƙaci akawu da ma'aikatan reluwe da na gidan waya sai aka kwaso su daga Kudu, aka ware musu Sabon Gari wajen 1913 a bayan badala, ba ruwansu da alƙali ba ruwansu da dogari. Garuruwa biyu a jikin juna, kowanne da dokarsa, kowanne na kallon ɗayan a karkace, an bar shi haka shekara arba'in.

Yaƙin Hitila ya ƙara tsuke abun. Aka ɗebi samari soja zuwa Bama, aka ɗebi wasu dubbai aikin tilas a haƙar kuza a Jos daga 1942, wanda mutane ke kira ɗiban gwamna, sanyi da yunwa suka kashe da yawa. Gwamnati ta karɓe cinikin gyaɗa ta ce ita zata yanka farashi, bayan yaƙi maimakon a saki sai aka kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, ita kaɗai ke da ikon fitarwa waje, su Ɗantata da kamfanoni suka zama wakilanta masu lasin. Hujjar ita ce wai a riƙe wani abu a shekarar da kasuwa ta yi kyau don a tallafa wa manomi a shekarar da ta faɗi. To shekarun nan duniya na yunwar mai, farashi a sama yake, abun da aka riƙe ya taru ya zama miliyoyin fam a ajiye a Landan, manomi kuwa ana bashi abun da ya yi ƙasa sosai da farashin duniya. Haraji ne na biyu wanda babu rasit. Dalar da muke taƙama da ita ma, wadda ake cewa kowace ɗaya tana cin buhu wajen 15,000, yawanta a ƙarshen shekarun 1940 ya samo asali ne daga gazawar reluwe, babu isassun kawunan jirgi da taragu, gyaɗar bana ta tarar da ta bara a ƙasa an lulluɓe da tamfol ƙwari na ci. Gwanintar leburorin da ke hawa da buhu a ka suna jera ta tsaf kam abun a yaba ne, wannan ba musu.

To a irin wannan ƙasa siyasa ta tsiro, kuma ba mamaki da ta fito da zafi. Tsarin mulkin Richards ya kawo majalisa a Kaduna a 1947 amma kusan duk 'yan En'e ne a ciki. Jam'iyyar Mutanen Arewa ta fara a matsayin ƙungiyar 'yan boko masu lallaɓa sarakuna, samarin Kano suka ga wannan tafiyar bata yi musu ba. Ranar 8 ga Agusta 1950 mutum takwas suka kafa NEPU a Kano, Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Maitama Sule da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin da Musa Kaula da Abdulƙadir Ɗanjaji da Babaliya Manaja. Malam Aminu Kano lokacin yana koyarwa a Maru, ya ajiye aiki ya dawo, daga baya ya zama shugaba. Abun da suka ce a fili shine akwai masu sarauta akwai talakawa kuma buƙatunsu ba ɗaya bane, maganar da a lokacin faɗinta kawai ya isa a kai ka gaban alƙali. Kuma in ka duba waɗanda suka bi su, teloli ne da mahauta da masaƙa da 'yan koli da ƙananan 'yan kasuwa da malaman zaure, sai manoman da suka gaji da noman gandun hakimi kyauta da kuɗin da ake ƙara musu a kan haraji ba bisa ƙa'ida ba. Ba wata falsafar waje ce ta ja su ba, abun da ke cin su a jika ne aka kira da sunansa.

A zaɓen 1951 NEPU ta yi abun mamaki a matakin farko a birnin Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, kuma a matakin ƙarshe an ba En'e dama ta cusa nata mutanen kashi goma cikin ɗari. Da aka gama tacewa ko kujera ɗaya NEPU bata samu ba, har shi Malam Aminu. NPC, wato Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta zama jam'iyyar siyasa a wannan shekarar ita ta kwashe, kuma a Kano bambanci tsakanin NPC da En'e sai mai dogon bincike, ɗan doka nasu alƙali nasu gidan yari nasu, izinin yin lacca ma a hannunsu yake. Ciroma Sanusi shi ke juya En'e tun mahaifinsa na raye, mutum ne mai kaifin basira da kwarjini wanda baya ɗaukar raini, 'yan NEPU sun ɗanɗana a hannunsa.

Sai 1953. A ƙarshen Maris Anthony Enahoro ya kawo ƙudiri a majalisar Ikko cewa a ba Najeriya mulkin kai a 1956, Sardauna ya ce a'a, a dai ce da zarar ya yiwu, don Arewa na tsoron in Bature ya tafi a lokacin to duk ofisoshi 'yan Kudu ne zasu cike su, kuma tsoron nan yana da tushe in ka tuna yadda aka yi da boko. Da wakilan Arewa suka fito aka yi musu ihu a titin Ikko ana kiransu 'yan amshin shatan Turawa, suka dawo gida a fusace har ana maganar a raba ƙasar kowa ya kama gabansa. Ana cikin wannan zafin jam'iyyar Awolowo, wato AG, ta ce zata turo tawaga Kano ƙarƙashin Akintola ta yi taro a Sabon Gari. An janye izinin taron amma ina, jama'a sun riga sun taru, ranar Asabar 16 ga Mayu faɗa ya ɓarke tsakanin Fagge da Sabon Gari, aka kwana huɗu ana yi. Lissafin gwamnati mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni, kuma abun takaici rigimar da Yarbawan AG aka faro ta amma akasarin faɗan da Inyamurai aka yi shi, waɗanda suke gogayya da 'yan gari a kasuwa da wajen aiki.

Kwana kaɗan bayan haka Sakataren Mulkin Mallaka Oliver Lyttelton ya faɗa wa majalisar Ingila cewa tsarin da ake kai ba zai yiwu ba, dole a sake shi a ba kowace jiha ƙarfinta. Aka yi taro a Landan a 1953, aka ƙarasa a Ikko farkon 1954, ranar 1 ga Oktoba 1954 Najeriya ta zama tarayya, Sardauna ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Abdullahi Bayero bai ga wannan rana ba, ya rasu a ƙarshen 1953 Sanusi ya gaje shi.

Ga Lardin Kano, wanda ƙidayar 1952 ta nuna yana da mutum sama da miliyan 3, fiye da kowane lardi a ƙasar, tarayyar nan ta zo da sabon ubangida ne. An rushe hukumar gyaɗa ta ƙasa an kafa ta Jihar Arewa, kuɗin da aka tara aka miƙa wa Kaduna, sannan sabuwar dokar En'e ta 1954 ta ɗora gwamnatin jiha a kan sarakuna, su kuma ministocin da ke Kaduna da yawansu jiya-jiya ma'aikatan En'e ne masu faɗuwa gaisuwa a fada. Kanawa suka fara ƙorafin cewa su ke noma Kaduna ke rabo, kuma wannan ƙorafin har cikin fada ana yinsa ba 'yan NEPU kaɗai ba. Bai fi shekara tara ba gwamnatin Kaduna ta turo wani Bature Muffett ya binciki kuɗin En'e ta Kano, Baitulmalin nan dai da aka kafa zamanin Abbas, a 1963 Sarki Sanusi ya yi murabus aka kai shi Azare.